Rana, teku da damana: daga ina ruwan gonarmu yake zuwa?

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa farkon Mayu, in ka kafa sanda a tsaye tsakar gida lokacin da rana ta take, za ka ga inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Haka abin yake a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai. Rana tana bisa kanmu daidai. Lokacin ne zafi yake kai matuƙa, ruwan randa ya ƙare tun kafin la'asar, kowa ya fito da tabarmarsa waje da dare. Daga nan sai iska ta juya. Wadda ta yi wata da watanni tana busowa daga gabas maso arewa, busasshiya mai ƙura, ta ja baya. Wata ta taso daga yamma maso kudu, mai laima, mai sa gumi. Shamuwa ta iso, gawo ya fara zubar da ganye. Manomi ya san abin da wannan yake nufi, sai ya ɗauki kayan aiki ya nufi gona.

To, wannan laima daga ina take? Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai zuwa bakin teku a Kwatano, ko da tsuntsu ne ya miƙe hanya, sai ya yi kusan kilomita 800. Amma mafi yawan ruwan da ke sauka bisa hatsinmu, asalinsa can yake. Rana ce ke ɗebo shi, iska ta yi dakonsa.

Rana ce wutar murhu

Tsakaninmu da rana akwai kilomita miliyan 150. Haskenta yana yin minti 8 da ɗan wani abu kafin ya iso. In ya iso, mafi yawansa bisa ruwa yake faɗawa, domin in aka raba fuskar duniya kashi 10, kashi 7 teku ne. Kamar yadda tukunya bisa murhu take fid da tururi, haka teku yake yi ƙarƙashin rana, sai dai tururinsa ido ba ya ganinsa. Gishiri ya tsaya cikin teku, ruwa mai daɗi ya hau iska.

Akwai wani abu da kowa ya sani tun yana yaro. Da azahar cikin bazara ba ka iya taka rairayi ba takalmi, amma in ka tsoma ƙafa cikin tabki sai ka ji sanyi. Da asuba kuwa rairayin ya huce, ruwan tabkin yana da ɗumi. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, tana saurin sakinsa. Ruwa yana da nawa wajen ɗauka, yana da nawa wajen saki. A kan wannan bambanci damanarmu take tsaye.

Duniya a karkace take zagaya rana. Shi ya sa muke ganin rana tana matsowa arewa rabin shekara, ta koma kudu rabin shekara. In ta matso arewa, hamadar Sahara takan gasu ƙwarai, musamman yankin da Mali da Aljeriya da Muritaniya suka haɗa iyaka. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi. In ta tashi sai ta bar gurbi, wata iska ta sheƙo ta cike shi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar wutar daji ya ji yadda take jawo iska zuwa gare ta. A daidai wannan lokaci, tekun da ke kudu da mu, wanda ake kira tekun Gine, sanyi yake yi, domin daga watan Mayu da Yuni ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashi ya shimfiɗu a bisa. Ga hamada mai zafi a arewa, ga teku mai sanyi a kudu. Sai iskar teku ta kama hanya zuwa hamada, ɗauke da laima. Tana ratsa dazuzzukan Benin da Nijeriya, ta zubar da ruwa, itatuwa da ƙasa su sake mayar mata da wani, ta ci gaba har ta iso mana.

Inda iskar teku ta yi karo da busasshiyar iskar hamada, masana suna kiran wurin mahaɗar iskoki. Cikin watan Janairu mahaɗar tana can kusa da bakin teku, mu kuwa muna cikin hunturu. Cikin Agusta takan wuce Agadas. Ruwa mai yawa yana sauka ne a bayanta, ta wajen kudu, inda laima ta yi kauri. Wannan ne dalilin da ya sa Gaya take samun wajen milimita 800 a shekara, Maraɗi wajen 500, Damagaram wajen 400, Agadas ɗari da wani abu, Bilma kuwa ko 20 ba ta cika samu ba. Kowane gari gwargwadon kwanakin da iskar teku take yi a kansa. Ƴan kasuwa masu zuwa Kwatano da Lome sun sani cewa cikin Agusta, sa'ad da muke cikin malka, can ruwa ɗaukewa yake yi. Ba wani abu ba ne, girgijen ne ya ƙaura wajenmu.

Amma ai hadari daga gabas yake tasowa

Mai karatu zai ce: malam, tsaya. Tun da aka haife mu, gabas muke dubawa in muna neman hadari. Ta yaya za ka ce ruwa daga yamma maso kudu yake zuwa?

Gaskiyarka, kuma maganar biyu ba su saɓa ba. Iska hawa-hawa take, kamar bene. Ta ƙasa, wadda ke kaɗa mana riga, ita ce ta teku mai kawo laima. A bisanta, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Da rana ƙasa takan yi zafi, ta tura iska mai laima sama. Can sama akwai sanyi, sai laimar ta dunƙule ta zama girgije, kamar yadda ruwa ke taruwa a marfin tukunya. Hadari yakan fi haɗuwa bisa tuddai da duwatsu, irin duwatsun Abzin, da tsaunukan Jos, da na Darfur. In ya haɗu, iskar bisa ta kora shi yamma. Hadari ɗaya yana iya tasowa ƙasar Damagaram da la'asar, ya ratsa Maraɗi da Ƙonni cikin dare, ya wayi gari a Yamai. Iskar ƙasa ce ke kawo kaya, ta bisa ke raba su.

Irin waɗannan manyan hadura ba su da yawa cikin shekara, amma su ke kawo mafi yawan ruwanmu. In aka rasa uku ko huɗu daga cikinsu lokacin da hatsi ke fid da kai, rumbu zai faɗa.

Tabon rana

Kowace shekara rana tana matsowa arewa, ba ta taɓa fashi ba. To, me ya sa damana ba ta zuwa iri ɗaya? Me ya sa bana a ƙoshi, baɗi a yi ƙaura? Tun da daɗewa masana suka fara zargin ranar kanta. Suka ce wataƙila wutarta tana ƙaruwa tana raguwa.

Suna da dalilin zargi. Fuskar rana ba sumul take ba. Akwai baƙin tabo da ke fitowa a kanta, ya yi kwanaki ko makonni ya ɓace. Wani tabon ya fi duniyarmu girma. Baƙi yake gani domin bai kai sauran fuskar zafi ba. Wani Bajamushe mai suna Heinrich Schwabe ya shekara 17 yana ƙidayar tabon nan kusan kullum, sannan a 1843 ya bayyana cewa yawansa yana hawa yana sauka bisa tsari. Yanzu an san cewa zagaye ɗaya yana ɗaukar wajen shekara 11. An kuma gano cewa daga 1645 zuwa 1715 tabon ya kusa ɓacewa ɗungum, kuma shekarun sun faɗo cikin wani zamani da Turai ta sha tsananin sanyi.

A nan sai mu ja kunne. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗaga kai neman tabon rana. Kallon rana yana ƙone cikin ido, ba tare da mutum ya ji zafi ba, kuma ƙunar ba ta da magani. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsarewa, gilashin da aka shafa wa baƙin fitila ma haka. Ko lokacin husufi ne, irin na ranar 29 ga Maris 2006 da duhu ya rufe wani yanki na ƙasar Maraɗi da Damagaram da hantsi, a hana yara kallo. Masana da na'urori na musamman suke dubawa.

Shekarar da tabo ya yi yawa, rana takan yi ta aman wuta. Wannan aman yana taɓa mu ta wasu hanyoyi. Mai sauraron rediyo a gajeren zango yana iya jin tasha ta ɗauke da rana tsaka, ta yi mintoci ko awa kafin ta dawo, alhali batir lafiya lau. A watan Maris 1989 irin wannan aman ya kashe wutar lantarki ta lardin Kebek na ƙasar Kanada har awa 9.

Amma zafin da ke iso mana fa? Tun 1978 taurarin ɗan Adam suke auna shi daga sama, ba dare ba rana. Abin da suka samu shi ne: tsakanin shekarar da tabo ya fi yawa da wadda ya fi ƙaranci, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 1000 ba. Misalinsa, mutum mai tiya 1000 ta hatsi a rumbu, a ƙara masa tiya ɗaya. Wannan ƙari yana motsa zafin duniya da wajen kashi ɗaya cikin goma na digiri. Yana kuma ɗumama iskar can bisa ƙwarai, inda girgije ba ya kaiwa, kuma wasu masana sun ga alamar hakan cikin iskokin sanyi na Turai da cikin ruwan tekun Fasifik. Alama ce ƴar ƙarama, sai an tara lissafin shekaru masu yawa ake hango ta.

Mu auna da abin da muka gani da idonmu. A 2020 tabo ya yi ƙaranci ƙwarai, sabon zagaye bai daɗe da farawa ba. A shekarar ne kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai cikin Satumba, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. A 2024 tabo ya kai ƙololuwa, sai aka yi ambaliyar da ta fi waccan. Shekarun 1950 duka an yi ruwa, da tabo da ba tabo. Babban farin da ya biyo baya ya shekara wajen 20, ya haɗiye zagaye biyu na rana bai kula da su ba. Wanda ya ce maka zai faɗi damanar baɗi ta hanyar tabon rana, kada ka sayar da irinka saboda maganarsa.

Sa'ad da Tenere take da dorina

Kada mu wanke rana sarai. In aka yi maganar dubban shekaru, hannunta a fili yake. Karkatar duniya da hanyar da take bi wajen zagaya rana suna sauyawa sannu sannu, sauyin yana komowa bayan shekara dubu 20 da wani abu. Wajen shekara 10,000 da suka wuce, duniya takan fi kusa da rana ne daidai lokacin damanarmu. Hasken da ke sauka bisa Sahara a watannin nan ya fi na yau da wajen kashi 7 cikin 100. A kwatanta da kashi 1 cikin 1000 na tabo. Hamada ta ƙara zafi, ta jawo iskar teku da ƙarfi, ruwa ya kai can cikin arewa. Ciyawa ta fito, tabkuna suka cika.

Shaida tana nan cikin ƙasarmu. A Dabus, arewa da Agadas, mutanen wancan zamani sun sassaƙa raƙumin dawa bisa dutse, tsawonsa ya fi mita 5. A Gobero, cikin Tenere, masu binciken da suka isa wurin a shekarar 2000 sun tarar da tsohuwar maƙabarta ta mutanen da suka zauna bakin tabki, tare da ƙasusuwan kada, da dorina, da giwar ruwa, da masun kamun kifi na ƙashi. Tabkin Cadi na lokacin ya kai murabba'in kilomita 350,000. Wajen shekara 5,000 da suka wuce hasken ya ragu, ruwa ya ja baya. Busasshen gindin wancan tabki, a Bodele cikin ƙasar Cadi, shi ne babban maɓuɓɓugar farar ƙurar da hunturu yake kawo mana, mai fasa leɓe da hanci a watannin da sanƙarau ke yaɗuwa.

Wannan sauyi ne na zuriya ɗaruruwa. Ba shi ne ke bambanta bana da bara ba.

Shekarun fari: laifin wa?

Tsofaffi sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga bakin iyayensu. Da yawa daga cikinmu sun ga ta 1973, da ta 1984 wadda mutanen Maraɗi suke kira El-Buhari. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tabkin Cadi, mai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. A watan Yuni 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai.

A 1975 wani masani Ba'amurke mai suna Jule Charney ya kawo bayani. Ya ce in dabbobi suka cinye ciyawa, aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari ta mayar da hasken rana sama, sai hadari ya kasa haɗuwa. Maganar ta bazu, aka yi ta ɗora wa makiyayi da manomi laifin fari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ƙasa tsirara tana ƙara tsananta fari, kuma sarar itace ɓarna ce ko da ruwa ko ba ruwa. Amma a ganina an zalunci mutanen karkara da wannan zargi, domin tushen abin yana nesa da garkensu.

A 1986 masanan yanayi na Ingila suka jera lissafin ruwan Sahel kusa da lissafin zafin tekunan duniya. Sai suka ga abin mamaki. Shekarun da tekunan arewacin duniya suka yi sanyi, na kudu suka yi ɗumi, su ne shekarun farinmu. A 2003 wata masaniya mai suna Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta zafin teku kaɗai na shekaru 70, ba su gaya mata kome game da awaki ko gatari ba. Kwamfutar ta fitar da ruwan shekarun 1950, ta fitar da farin da ya biyo baya.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Girgije yana bin inda ɗumi yake. In tekun Atalantika ta wajen arewa, gefen Senegal da Muritaniya, ya yi ɗumi, yana jawo mahaɗar iskoki zuwa arewa, ya kuma ƙara mana laima. In kuwa tekun Gine ne ya yi ɗumi fiye da kima, bambancinsa da hamada ya ragu, iska ta rasa ƙarfin tafiya, ruwa ya zube a bakin teku ya bar mu. Haka aka yi a 1984. Ɗumamar tekun Indiya ma ba ta yi mana daɗi, ta Bahar Rum kuwa alheri ce gare mu. Masana da yawa suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai farar wuta a ciki, ya tare hasken rana ya sanyaya Atalantika ta arewa a waɗancan shekaru. Da ƙasashen suka rage wannan hayaƙi daga shekarun 1980, tekun ya soma ɗumi, ruwanmu ya soma komowa.

Akwai kuma wani teku a bayan duniya, Fasifik, wanda ya fi kowane girma. Bayan shekara 2 zuwa 7, ruwansa na wajen ƙasar Peru yakan yi ɗumi ƙwarai. Masuntan can suka sa wa abin suna El Ninyo, wato ɗan yaro, domin kusa da Kirsimeti yake bayyana. Zafin da yake saki yana ɗumama iskar bisa ta dukan ƙasashe masu zafi, har tamu. In bisa ta yi ɗumi, iskar ƙasa ba ta samun hawa, kamar an kife wa hadari murfi. A 1972 kifin Peru ya ɓace, masunta suka rasa abin yi, a shekarar kuma damanarmu ta lalace, shanu suka soma faɗuwa. Ba su san mu ba, ba mu san su ba, amma abu guda ne ya same mu. An sake yin El Ninyo a 1982 zuwa 1983, da 1987, da 1997, duka ruwa ya yi ƙaranci a Sahel. In ruwan can ya yi sanyi, ana kiransa La Ninya, mu kuwa mukan samu ruwa, kamar 1988, da 1999, da 2010, da 2020. Ba doka ba ce marar saɓawa. A 2015 an yi babban El Ninyo, damana ta makara, amma daga baya ruwa ya samu, domin sauran tekunan sun rinjaye shi.

Zafin da ke ƙaruwa

Yau duniya ta fi ta zamanin kakannin kakanninmu zafi da fiye da digiri ɗaya. Wannan ma an tuhumi rana, na'urori suka wanke ta: tun da aka fara aunawa daga sama, haskenta bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne iskar da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, wadda ke lulluɓe duniya kamar bargo, ta hana zafi fita. Kashi 9 cikin 10 na wannan rarar zafi teku ne yake shanyewa. Iska kuwa, duk digiri ɗaya da ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin laima kashi 7 cikin 100.

Saboda haka ruwan da ya komo ba irin na da ba ne. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ruwa ya zubo da yawa cikin awa biyu, ya kwashe taki da ƙasa, sannan a yi kwana goma sha ba ɗigo. A 2024 an ga fuska biyu ta abin. Farkon Afrilu zafi ya kai digiri 48 da rabi a Kayes ta ƙasar Mali, tsofaffi da marasa lafiya da yawa suka rasu. Da damana ta zo, ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe farkon Satumba.

Amfanin sanin wannan

Nawar teku ita ce ribarmu. Iska tana sauyawa cikin kwana ɗaya, amma tekun da ya yi ɗumi a Afrilu yakan riƙe ɗuminsa har Yuli da Agusta. Wanda ya auna shi kafin shibka ya samu labarin damana tun ba ta zo ba. Akwai dubban na'urori da ke yawo cikin tekuna suna aunawa, akwai taurarin ɗan Adam. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, da cibiyar ACMAD. Tun 1998 masanan ƙasashen yankinmu suke taruwa kowace shekara kafin damana su fitar da hasashe, ma'aikatar yanayi ta ƙasa ta yaɗa shi a rediyo. Hasashen Afrilu 2024 ya ce za a yi ruwa fiye da yadda aka saba, ya yi kashedin ambaliya.

Sai dai a fahimci irin maganar. Hasashe ba alkawari ba ne, rinjaye yake faɗi, kamar yadda dattijo ke duban shamuwa da iska ya ce bana da alama. Kuma yanki yake yi wa magana. Ba ya sanin cewa hadari zai jiƙa gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka. Wanda ya bi shi shekara goma zai fi wanda bai bi ba, ko da wata shekarar ya saɓa.

In aka ce damana za ta makara ko ta gajarta, a nemi iri mai saurin nuna, irin hatsin HKP da wake ɗan gajeren zango, tun kafin kuɗinsu ya hau. A haƙa tassa da rabin wata a fako domin kowane ɗigo ya tsaya. Kada a zuba iri duka a ruwan farko. Masu binciken noma na Sadore, kusa da Yamai, sun ba da ma'auni: ruwan shibka na ƙwarai shi ne milimita 20 cikin kwana 3, wanda ba a yi fiye da kwana 7 ba ruwa a bayansa cikin watan da ya biyo. Milimita 20 daidai yake da a juye lita 20, wato bido guda, bisa fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Abin da bai kai wannan ba yana iya tsirar da iri, rana ta ƙone shi. Makiyayi kuma ya rage garke tun dabba tana da nama da daraja.

In aka ce ruwa zai yi yawa, shekarar ce takin zamani yake biyan kuɗinsa. Amma aikin gida ya fi gaggawa. A yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe magudanai, a ɗaga gindin rumbu. Wanda ya yi gini cikin gulbi ko hanyar ƙorama domin ta shekara ashirin ba ta kawo ruwa ba, ya tuna cewa shekarun fari ne suka busar da ita. Ruwan kwance sauro yake haifarwa. A ɗaura sange tun farkon damana, a tsaya gida ranar da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi za su zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 sau ɗaya a wata daga Yuli zuwa Oktoba, kuma a cika kwana ukun shan maganin. Rijiyar da ambaliya ta shiga, kada a sha ruwanta sai an tafasa ko an sa maganin tsarkake ruwa, domin ta nan amai da gudawa ke shigowa gari.

Tsakiyar Agusta a sake kafa sandar nan. Inuwarta za ta sake ɓacewa, wannan karo rana tana kan hanyar komawa kudu. Daga nan hamada ta fara hucewa, iskar teku ta fara ja da baya. A ƙasar Maraɗi saura wajen mako shida ruwa ya ɗauke, a Tawa da Tanut bai kai haka ba. Hatsi mai kwana 90 da aka shibka 10 ga Yuli sai farkon Oktoba zai nuna, da sauran laimar ƙasa zai ƙarasa. Wanda shibkarsa ta mutu ya kai ƙarshen Yuli bai sake ba, gara ya sa wake.